Sandar da Maƙeriya Ta Kasa

Maƙeriya ta yi ƙara sau uku, ta tofo wani guntun sandar ƙarfe a faranti, yana sheƙi. Injiniya Asabe ta ɗauka, ta zura shi cikin ƙafar gaba ta wani keke, ta ɗaure sifirin, naɗaɗɗiyar wayar da ke kewaye da shi. Kande, ma'aikaciyar lafiya mai keken, ta danna kan keken da ƙarfinta. Ƙas! Ya karye daidai inda huɗun baya suka karye.

"Injiniya, wannan injin naki ko dai ba ya jin Hausa ne?" in ji Kande.

Asabe ba ta yi dariya ba. Shekara ashirin ke nan da ta ƙirƙiro Maƙeriya, na'urar da ake nuna wa abu ta haska shi ciki da waje, ta ƙera irinsa. Daga allura har ƙofar jirgin ƙasa, duk birnin Tudun Kuza da ita ya dogara. Ga shi yau wani tsohon keken hawan dutse, wanda ya girmi kakar Asabe, yana neman kunyata ta.

Kuma ba keken wasa ba ne. Jiragen aike ba sa iya zuwa ƙauyen Kurgum, domin maganaɗisun duwatsun wurin yana rikita su. Da keken nan Kande ke hawa da allurar rigakafin yara. Ƙafar gabansa tana da shokazoba mai shanye tsalle, wadda sandarta ce ta karye, in babu ita kwalaben sun farfashe tun kafin rabin hanya. Sanyin akwatin allurar kuwa jibi zai ƙare, ga ƙyanda ta riga ta shiga ƙauyen.

Da Asabe ta duba hoton hasken, sai ta gane. Akwai tsohuwar tsaga a cikin sandar asali, siririya ƙwarai. Maƙeriya ba ta san lafiyayye da marar lafiya ba. Abin da aka nuna mata take kwafa, har da ciwon. Zanen keken kuwa ya ɓace tun kafin a haife su.

"Tashi mu je," ta ce. Kunya ta ishe ta, amma ba ta da lokacin kunya.

A Layin Maƙera rumfa ɗaya ta rage, ta Baffa Ilu, ƙanen mahaifinta. Rabon da ta taka wurin tun ranar da injinta ya kashe musu kasuwa. Tsohon ya karɓi guntayen, ya ƙwanƙwasa ɗaya a jikin uwar maƙera, ya kai kunne.

"Wannan ƙarfen a mace aka haife shi," ya ce. "Wa ya ƙera?"

"Ni ce, Baffa."

"A'a, ke ba ki taɓa ƙera komai ba." Ya miƙa mata masaba. "Hannuna rawa yake yanzu. Kande, kama zuga-zugi."

Wayyo, Asabe ta sha wuya! Matar da ake tashi tsaye in ta shiga majalisar birni, ga ta gurfane cikin toka ana yi mata tsawa. Sandar farko ta lanƙwashe. Ta biyu ta tsoma a ruwa da gaggawa, ta tsage, Baffa ya ce ko ɗan koyo ba ya wannan shirmen. Tafinta ya yi bororo ya fashe. Ta naɗe da gefen ɗankwali, ta jawo ƙarfe na uku.

"Kada ki dubi agogo, dubi launi. In ya yi ja kamar gauta, cire. Man gyaɗa za ki tsoma shi, ba ruwa ba. Yawwa. Yanzu buga mu ji."

Ta buga. Ƙarar ta fita doguwa, tas.

Da la'asar suka ɗaura. Kande ta hau, ta dira daga dakalin rumfar, ƙafar ta nutse ta dawo lafiya lau. Ta ɗaure akwatinta ta kama hanyar dutse, ko sallama ba ta tsaya yi ba.

Daɗi ya cika Asabe har ta ji ƙwalla. Baffa Ilu kuwa yana tattara awartakinsa.

"Ɗaya ƙafar ma sa'ar wannan ce," ya ce. "Ba za ta kai damina ba."

"In ta karye sai mu dawo, Baffa."

"Ku dawo ina? Takarda ta zo tun makon jiya. Injinki ƙarfe yake ci, kuma ya cinye na bola. Gobe da hantsi hukuma za ta kwashe uwar maƙerar nan a narka masa."

Asabe ta dubi dunƙulen ƙarfen da kakanninta bakwai suka yi ƙira a kansa. Ta karɓi takardar ta warware. A ƙasa, ƙarƙashin hatimin majalisa, sa hannunta ne.