Fitila Huɗu a Tafkin Zakiru

Ranar da Haula ta fara shiga gidan Alhaji Tanimu, jakar kayan aiki na rataye a kafaɗarta, kwali uku na fitilu a hannunta. Duk Dakoro an ji labari cewa attajirin shanun ya haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, a gidansa, ya gina tafkin wanka. A garin da rijiya ke da nisan ƙasa, mutane da yawa sun kira abin almubazzaranci. Ita ma haka ta ɗauka, har sai da ta ga wanda aka gina dominsa.

Yana zaune cikin keken marasa lafiya a bakin tafkin, an rufe ƙafafunsa da zane. Saurayi ne dogo, ya rame, idonsa na kan ruwa.

"Zakiru," in ji mahaifiyarsa Hajiya Uwale, "ga Haula ɗiyar Malam Abarci, wadda ta karanto aikin lantarki a Maradi. Ita za ta sa maka fitilu."

Ya ɗago kai ya dube ta sau ɗaya, ya amsa gaisuwa, ya mayar da idonsa.

A zaure Hajiya ta ba ta labari cikin ƙaramar murya. Wata tara da suka wuce, a hanyar Azagor, tayar mota ta fashe, motar ta kife. Zakiru ke tuƙi. Ƙanensa Huzaifa a nan ya cika. Shi kuma ƙafafunsa suka karye a wurare da yawa. Likita a Maradi ya ce motsa su cikin ruwa ne zai taimaka, shi ya sa uban ya gina tafkin, da ɗan kwarmin ruwan ɗumi a gefe. Amma Zakiru ba ya yarda ya shiga sai bayan magariba, don kada kowa ya ga tabonsa. Makon jiya ya zame a matakala saboda duhu.

Da rana ta kusa faɗuwa Haula ta jera fitilun, ta jona su da batir, ta riƙa nutsa su ɗaya bayan ɗaya.

"Dukansu led ne, ba su cin wuta, panon hasken ranarku zai ɗauke su," ta ce. "Wagga fara ce tas. Wagga shuɗiya. Wagga kuma kamar hasken fitilar ƙwai. Wacce ta yi maka?"

"Ki sa kowacce."

"Kai za ka shiga ruwan, ba ni ba."

Ya ce, "To ki sa wadda ba za ta nuna mini ƙafafuna ba."

Haula ta naɗe waya, sannan ta amsa.

"Mai motsa maka ƙafa dole ya ga inda kake takawa. Amma zan sa su ƙasa-ƙasa, biyu a matakala, ɗaya a ƙarshen tafki, ɗaya a ruwan ɗumi. Mai launin fitilar ƙwai ba ta tona komai. Kuma duka ƙarfin wutarsu bolt sha biyu ne, ko waya ta tsinke cikin ruwa ba abin da zai same ka."

"Da ma ya same ni," ya ce a hankali.

"Ba a aikina ba," in ji Haula. "Ka nemi wata."

A karon farko cikin wata tara Hajiya Uwale ta ji ɗanta ya yi 'yar dariya.

Kwana huɗu aikin ya ci. Haula ta kai taransifo mai rage ƙarfin wuta nesa da ruwa, ta duba robar bakin kowace fitila sau biyu, ta mayar da wadda aka aiko don ruwan ɗumi saboda ba ta jure zafi. Zakiru kan turo kekensa ya riƙe mata kayan aiki. Ya yi ta tambaya, ita kuma kowace amsa tata sai ta koma kan bolt sha biyu, har ya laƙaba mata suna Sha-biyu.

Ranar da ta gama, saƙonsa ya shigo wayarta.

"Sha-biyu, yau na taka matakala uku ba a riƙe ni ba. Na ga ƙafafuna. Ba su kai munin da nake zato ba."

Ta amsa: "Alhamdu lillahi. Gobe huɗu."

Daga nan saƙo bai yanke ba. Ya gaya mata abin da bai gaya wa kowa ba, cewa Huzaifa ya roƙe shi ya bar masa tuƙin ran nan, shi ya hana shi. Ta rubuta masa: "Zakina, kwanansa ne ya ƙare. Kai naka bai ƙare ba, kuma akwai mai buƙatar sauran." Ya karanta, ya kifa wayar a ƙirji, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Da zancen shaƙuwarsu ya kai kunnen Malam Abarci, sai ya kira ɗiyarsa gaban mahaifiyarta Aisata.

"Haula, ba na ƙin yaron. Jarrabawa ce Allah ya ɗora mashi. Amma aure ba kwana huɗu ba ne. Ran da kika yi nauyi, ran da kika kwanta ciwo, wa zai ɗauki wani? Ga Jibril ɗan gwaggonki, yana koyarwa a lakwal a Maradi, shekara biyu yana jiran amsata."

"Baba, Jibril yayana ne."

"Ni ma uwarki ƙanwata ce kafin in aure ta. Ki daina zuwa gidan Alhaji Tanimu."

Ta daina. Ba ta saba yi masa musu ba.

Gwaggon kuwa ba ta tsaya nan ba. A wajen wani suna ta faɗa a gaban mata cewa an ba Jibril Haula, Zakiru kuma tausayinsa ne kawai yarinyar ke ji, ita da bakinta ta faɗa. Kafin la'asar maganar ta isa gidan Alhaji Tanimu.

Saƙon da ya zo wa Haula gajere ne.

"Na ji komai. Na gode da tausayi. Allah ya ba ku zaman lahiya ke da Jibril. Kada ki sake rubuto mini."

Ta kira, bai ɗauka ba. Ta rubuta sau bakwai, ba amsa. Mako shida ta yi tana zuwa shagonta tana dawowa kamar wadda aka zare wa laka. Abinci sai Aisata ta tsaya a kanta. Da Jibril ya zo hutu ya gan ta, ya tambaye ta gaskiya, ta gaya masa tana hawaye. Ya ce, "Ba zan auri mai kuka ba, ƙanwata. Zan yi wa Kawu magana." Ya koma Maradi washegari da sassafe.

Ran kasuwa Hajiya Uwale ta zo shagon da kanta.

"Ɗiyata, ya daina shiga ruwa. Ya sa an kashe fitilun. Ƙafar da ta fara saki ta koma ta sandare. Na binne ɗaya, ina kallon na biyu yana bin shi a zaune."

Haula ta rufe shago ta tafi gida, ta durƙusa gaban mahaifinta ta nemi izinin zuwa sau ɗaya. Ya dubi fuskarta, ya ce uwarta ta raka ta.

Ta same shi inda ta fara ganinsa. Ganye ya rufe saman ruwan.

"Tausayi aka ce maka," ta ce. "Ba zan yi maka ƙarya ba, ranar farko tausayinka na ji. Rana ta biyu haushinka na ji. Daga ta ukku ban san sunan abin ba, sai da ka daina yi mini magana. Ba a ba kowa ni ba. Ka yarda da zancen gidan suna, ba ka tambaye ni ba."

"Sha-biyu, likita ya ce ko na warke, da sanda zan ƙare rayuwata."

"Na sani. Ka taɓa jin na ce ina neman mai tsere?"

Ya rufe fuska da hannu. Da ya buɗe, ya ce, "Ki gafarce ni."

"Sai ka koma ruwa."

Ya koma. Wata uku bayan haka, wata Juma'a da la'asar, mota ta tsaya a bakin layin su Haula. Zakiru ya fito da sanduna biyu, ya hana kowa ya taɓa shi. Rairayi na haɗiye sandunan, gumi na zuba. A tsakiyar layi ya faɗi. Malam Abarci na zaune a kan tabarma a ƙofar gida, ya yunƙura zai tashi, sai ya ga saurayin ya dafa ƙasa ya miƙe da kansa. Da ya iso ya gaisa, numfashinsa na sama-sama.

"Baba, ban zo in ɓoye maka komai ba. Iyakar tafiyata ke nan, wataƙila ta ƙaru kaɗan. Ba zan iya ɗaukar Haula a baya ba. Amma na koma kasuwar dabbobi tare da Alhaji, kuma ba za ta kwana da yunwa ko baƙin ciki ta dalilina ba."

Tsohon ya matsa, ya ba shi gefen tabarma.

"Zauna, ɗana. Ka ce wa Alhaji ya turo manya."

Bayan girbin hatsi aka ɗaura auren. Ba a yi kiɗa ba, Hajiya Uwale ta ce zuciyarta ba ta kai nan ba tukuna, Haula kuma ta ce haka ya fi. Jibril ya zo daga Maradi, shi ya riƙe wa ango sanda lokacin da aka ɗaga hannu ana fatiha.

Da yamma, kafin a fita da amarya, Malam Abarci ya sa aka kawo ta gabansa. Ya ɗora hannu a kanta.

"Na hana ki don ina tsoro, na ba ki don na ga abin da ya fi tsorona. Ki riƙe shi, shi ma ya riƙe ki. Allah ya yi maku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin ƙanku, ya jiƙan wanda bai ga wagga rana ba."

Mata suka amsa da amin. Haula ta share hawaye da bakin mayafi, ta tashi ta bi su.