Ƙararrawar Kaka

A wani gari mai nisa an yi wata yarinya, Lantana, da ke koyon haɗa na'urori wurin gwaggonta. Kakarta ba ta gani, sai Lantana ta yi niyyar haɗa mata ƙararrawar baƙi. Ta samo 'yar ƙwaƙwalwar lantarki mai ƙafafu kamar kaska, ta jona ƙafa ɗaya da maɓallin ƙofa, ɗaya da ƙararrawa.

Gwaggo ta ce, "Ƙafar da ke sauraron maɓalli, ki ɗaure ta da rasista, wannan ɗan abin da ke rage ƙarfin lantarki. In kika bar ta a sake, kowace iska sai ta ji."

Lantana ta ce to, amma sauri ya sa ta tsallake.

Da rana tsaka ƙararrawa ta kaɗa. Kaka ta laluba har zaure. Babu kowa. Ta sake kaɗawa. Babu kowa. Kwana uku ana haka, maƙwabta suka daina shigowa, Kaka ta fara ƙulle kayanta za ta bar gidan da ta shekara hamsin a ciki.

Lantana ta durƙusa gabanta. "Kaka, ba aljanu ba ne. Ni ce ban ɗaure ƙafar ba."

Ta kunna ƙarfen dalma, ta liƙa rasista. Ƙararrawa ta yi tsit.

Kaka ta daɗe da fuskarta wajen zaure, sannan ta ce a hankali, "Ni kuwa na ɗauka marigayi kakanki ne yake sallama."