Jif ɗin da Ba a Sa wa Weji

Da hantsi aka yi waya caji ofis cewa mota ta danne mutum a ƙauyen ƙarshe kafin a shiga yashin Merapi, dutsen nan mai aman wuta. Sufeto Gunarso ya ajiye kofin da ko kurɓa bai yi ba, ya hau babur.

Ya tarar an ja motar baya da igiya, an lulluɓe gawar da zane. Baba Karmidi ne. Ko wanda bai san shi ba ya san koriyar jif ɗinsa, wadda ta girmi yawancin direbobin da ke kai baƙi kallon dutse a yau. A gangarar ƙofar gidansa yake ajiye ta. Taku kaɗan ta gangaro, ta matse shi da katangar dutse. Kusa da gawar akwai bokiti a kife, yashi ya zube.

"Tsautsayi ne, yallaɓai," in ji mai unguwa. "A ba mu shi mu kai shi makwancinsa kafin la'asar."

"Ƙarya ne!"

Wata tsohuwa ce ta ratso mutane, idonta a bushe ƙamas. Iya Sarpiah, matar mamacin.

"Tun ina goyon Wagiso yake ajiye motar nan a nan, ba ta taɓa gusawa ba. Wani ne ya cire ta daga giya. Miji ɗaya gare ni, ɗa ɗaya, yau an raba ni da ɗaya. Ka nemo min wanda ya yi, Sufeto, ko ɗan waye."

"Wa ya fara shiga motar?" Sufeto ya tambayi mai unguwa.

"Ni. A giya ɗaya na same ta, da hannuna na cire don mu ja ta."

"Burkin hannu fa?"

"Haba yallaɓai, wace jif ce ke da burkin hannu a dutsen nan?"

"Weji?"

Mutane suka dubi juna.

A wajen direbobin dutsen nan, dutse a ƙarƙashin taya tonon asiri ne. Inji mai lafiya, in ka kashe shi ka bar shi a giya, shi zai riƙe motar komai gangara. Wanda ya gaji sai ya saki, dole mai shi ya nemi weji, daga nan kuma a yi ta masa tsiya cewa motarsa ta fara dogara sanda. Baba Karmidi ne uban masu tsiyar. Agogon kilomitar jif ɗinsa ya zagaya har ya gaji ya tsaya, amma ba a taɓa sauke injin ba. Yakan juye baƙin mai tun bai canza launi ba, ya bar ta ta yi ɗumi kafin ya ɗaga, kuma bai yarda kowa ya zauna masa a sitiyari ba.

Sufeto ya sa aka tura motar inda take kwana. Ya sa ta a giya ɗaya, ya fito, ya ce kowa ya kauce.

Aka jira. Can sai aka ji ƙat, ta matsa kamar tsawon tafin hannu. Ta tsaya. Ƙat, ta ƙara. Wata mata ta ce inna lillahi.

Sufeto ya buɗe bonet ya zaro sandar gwada mai. Baƙi ƙirin kamar kwalta. Notocin da ke riƙe da injin suna sheƙi, sifana ba ta daɗe da cin su ba. Ya kankare sabon yashin da ke ƙarƙashin motar da takalminsa, sai ga ƙasa jiƙe da mai.

Ya nuna wa Iya Sarpiah sandar.

"Wannan ba aikinsa ba ne," ta ce. "Ni yakan bari da ciwo, ita ba ya barin ta."

"Kwanan nan ya yi tafiya?"

"Mun yi makonni a asibitin birnin Yogya, aka cire masa yanar ido. Wagiso ya riƙe makulli."

Wagiso na zaune a dakali, ƙato mai kusan arba'in, ya haɗa kai da gwiwa. Shi ma direban baƙi ne, da jar jif tasa.

"Ka taɓa injin mahaifinka?"

"Ni? Ko bonet ban buɗe ba, yallaɓai. Wanke ta kawai nake yi."

Bai ɗago kai ba ya faɗa.

Garejin Tukijan ne kaɗai ke da sarƙar ɗaga inji a wannan gefen dutsen. Sufeto ya same shi a ƙarƙashin wata mota.

"Ka yi wa jif ɗin Baba Karmidi aiki?"

"Ni kuwa? Ko gaisawa bai bari in yi da ita."

"Ta Wagiso fa?"

"Rabon da ta shigo nan tun damina ta bara."

Ya kunna taba, ashana uku ta mutu a hannunsa kafin ta kama.

Tashar jif-jif na tsallaken titi. Direbobi duk sun tafi gidan rasuwa, sai mai sayar da kofi da soyayyen tempe na waken soya. Jar jif na tsaye a gangara, ba komai a ƙarƙashin tayarta.

"Ta waye wannan, Hajiya?"

"Ta Wagiso mana. A da Maganin Sauro muke ce mata, in ta tashi kowa sai ya toshe hanci. Sau biyu ta mace da baƙi a tsakiyar hawa, ƙungiyar direbobi ta ce in ta ƙara ya bar layi. Yanzu kuwa sai ka ce amarya, ko weji ba ya sa mata."

"Me ya ce ya yi mata?"

"Wai Tukijan ya sauke injin ya sa sabon ringi."

Sufeto ya zaro sandar man jar jif. Fes, kamar zuma. Ya tsallaka titi da ita a hannu.

"Kai da Wagiso, ɗayanku maƙaryaci ne, Tukijan. In kai ne, gawa ce a wuyanka."

Tabar ta faɗi.

"Musanyar inji muka yi, yallaɓai. Na tsoho a tasa, nasa a ta tsoho. Ya rantse min kafin a sallamo uban za mu mayar. Na ce masa injin nan ba zai riƙe gangara ba, wallahi na faɗa masa."

Sufeto ya daɗe a kan babur bai tayar ba. Ya so a ce ɓarawo ne daga wani gari. Ya tuna busasshen idon tsohuwar.

A bayan gida ya kira Wagiso, kusa da garken shanu, nesa da masu zaman makoki.

"Tukijan ya yi magana."

Wagiso ya jingina da bango, ya sulale ƙasa.

"Layi za su kore ni, yallaɓai. 'Ya'ya uku. Na ce aro ne, lokacin hutu ya wuce in mayar. Sai aka sallamo shi da wuri."

"Bai gane ba?"

"Baba? Sau ɗaya ya murza makulli. Ya saurara, ya dube ni da sabon idonsa, ya kashe. Bai ce min uffan ba. Gara a ce ya mare ni."

"Ka san ba za ta tsaya ba. Me ya hana ka sa weji?"

"Na sa! Kullum ina sawa, kullum yana jefarwa. Jiya na kama ƙafarsa ina roƙo. Ya ce, in aka ga dutse a ƙarƙashin motata za a tambaya, me zan ce? In ce ɗana ya yi min sata ina kwance? Man da take zubarwa ma shi ke bi da yashi yana rufewa kowace safiya, don kada Inna ta gani."

"Me ya hana ka mayar da injin?"

"Na ce gobe. Akwai baƙi cike da tasha, na ce gobe." Ya fashe da kuka irin na babban mutum, marar daɗin ji. "Ni na kashe shi."

Sai a lokacin Sufeto ya ga Iya Sarpiah a ƙofar madafa, da butar shayi a hannu. Bai san tun yaushe take tsaye ba.

Ta ajiye butar a hankali. Ta dubi ɗanta, ta dubi ankwar da ke ƙugun Sufeto.

"Tsautsayi ne," ta ce. "Mai unguwa ya yi gaskiya. Ka rubuta tsautsayi."

"Iya, rabin gari sun ga motar na tafiya da kanta. Tukijan ya ba da shaida. Akwai sata, akwai rai."

"Ni na kira ka. Na fasa!"

"Ya fi ƙarfina yanzu, Iya."

Wagiso ya miƙe ya miƙa hannuwansa. Sufeto bai sa masa ankwa ba, ya dai riƙe shi a damtse, suka bi ta gefen garke zuwa titi.

Ta biyo su ba takalmi.

"To ka bar min shi ya sa ubansa a kabari. Wa zai shiga ramin ya karɓe shi? Sufeto, da kai nake. Wa zai karɓe shi?"

Sufeto Gunarso bai waiwaya ba.