Jan Haske a Cikin Kwali

"Sauka! Kwanta ƙasa!"

Lado, jagoran 'yan fashin, ya ɗora wa direban motar magani bindiga a kunne, ana tsuga ruwan la'asar a gangaren Nkomkana. Hamadu ya haye kujerar direban, gwiwoyinsa na ciwo. Ya tsufa yana ja wa 'yan fashi mota, kuma wallahi ya gaji. Abu ɗaya ya fito da shi yau, allurar ciwon sukarin da ke cikin motar. Ta matarsa Safiyatu ta ƙare, asibitin unguwa kullum sai a ce a dawo gobe.

Lado ya fizge na'urar da ke tona inda mota take, ya cilla a kwata.

"Mun makantar da su, Tsoho. Taka!"

Suka jibge kwalayen a unguwar Briqueterie, a ɗakin bayan wata rumfar soya ta masu gasa nama, bango ɗaya da murhu. Dabarar Lado ce: wa zai nemi maganin da ake ajiyewa a sanyi a gindin wuta? An ba kura ajiyar nama ke nan.

Bayan isha mai saye ya zo, Hamadu na gadi a waje. Mutumin ya buɗe kwali, ya zaro wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana, tana ƙifta jan haske.

"Ka ga wannan? Kowane kwali da tasa. Tun daga depo, ma'ajiyar maganin, take rubuta sanyi da zafi. Kun dafa maganin, c'est gâté, ya lalace! Kuma tana faɗa musu inda take."

Ya fice da sauri. Lado ya tattara na'urorin duka, ya cusa a ƙasan kwali ɗaya, ya fito yana murmushi, ya miƙa wa Hamadu.

"Rabonka, Tsoho. A gaida madam."

Shi kuwa ya ɓace ta unguwar Mokolo.

A gida Safiyatu na kwance, leɓunanta sun bushe.

"Baban Lubna, ina ka samo?"

"Miƙo hannu kawai."

Ya zuƙo allurar — gwaram! Ƙofa ta faɗo, 'yan sanda suka cika ɗakin. Wata mata ta kutso ta tsakaninsu, ma'aikaciyar depon ce, da waya a hannu.

"Kar ka yi mata!"

Ta kifar da kwalin. Na'urori suka zubo a tabarma, duk suna ƙifta ja. Hamadu ya dube su, ya gane aikin Lado. Ko haushi bai iya ji ba, gajiya ta fi ƙarfinsa.

"Zafi ya kashe maganin," in ji matar. "Da ta dogara da wannan, sai dai ku tsince ta a sume."

Ya ajiye allurar, ya miƙa hannu aka sa ankwa.

"Madam, don Allah, a samo mata mai kyau."

Matar ta dubi Safiyatu, ta sunkuyar da kai.

"Baba, motar da kuka tare, asibitin unguwar nan za ta. Nata na ciki."