Maɓallin Rigar Malam

Ranar Talata da hantsi aka tsinci gawar Malam a ɗakin karatunsa. Daga ranar ba a sake jin dariya a gidan ba, gidan da maƙwabta suka sha yin ƙorafin dariyar mai shi.

'Yarsa Auta ce ta kira caji ofis. Sufeto ya iso tare da Saje, suka tarar da falo cike da masu kuka. Sufeto ya san irinsu. Lokacin da matarsa ta rasu sun cika nasa falon, suka shanye shayin gidan, suka ce ta huta, suka watse. Ya ɗaga musu hannu kawai ya wuce.

Ɗakin ƙarami ne, littattafai har rufi. Malam, tsohon malamin tarihi, yana kwance rigingine tsakanin tebur da kujera. Akwai jini a kusurwar teburin, akwai a ƙeyarsa. A bango an manna wani babban kwali mai zanen bishiya, rassanta cike da sunayen 'ya'ya da jikoki da kwafin takardun haihuwa. Can ƙasa wajen saiwa kuwa suna ɗaya ne tak: Inna.

"Ɓarayi ne, yallaɓai," in ji Saje.

"Ga wayarsa a tebur, ga agogo a hannunsa. Waɗanne irin ɓarayi ne haka, masu tsoron Allah?"

Abin da aka taɓa ɗaya ne. Duk wata ambulan da ke ɗakin an yage ta an watsar a ƙasa.

Sufeto ya durƙusa. An sa wa gawar matashin kujera a ƙarƙashin kai. An rufe mata ido, an miƙe mata ƙafafu.

"Ke kika gyara masa kwanciya?" ya tambayi Auta, wadda ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shigowa.

"Wallahi haka na same shi. Na je asibiti aikin safe, na manta katina na dawo."

Saje ya ja da baya kaɗan. Ya ga gawa iri-iri, amma bai taɓa ganin wadda aka kashe sannan aka lallashe ta ba.

A kicin Sufeto ya zaunar da ita.

"Waccan bishiyar da ke bangon ɗakinsa, ta mece ce?"

"Asalinmu Baba yake nema. Suna yara aka yi yaƙi a garinsu suka gudo, shi da kakarmu da yayansa, Baffa tela. Ba su san kowa nasu ba. Da takardu suka ƙare masa sai ya koma gwajin DNA. Mutum ya tofa yawu a 'yar kwalba, a aika, su gaya masa danginsa."

"Sakamako ya zo?"

Ta dubi tukunyar da ke kan murhu. "Bai zo ba."

Sufeto ya rubuta. Ya daɗe da sanin cewa mai gaskiya fuskarka yake kallo ko ƙasa. Tukunya sai mai ƙarya.

"Me kike tsoro?"

"Akwai wani mutum da ke kiran Baba a waya kwanan nan," ta ce. "Ba mu san shi ba. Yallaɓai, idan su ne, sun san gidan nan. Ni kaɗai nake kwana da yara."

"Mutumin da bai san ku ba, ta yaya ya sami lambar babanki tun sakamako bai fito ba?"

Ta sake duban tukunyar.

Baffa tela yana zaune a ƙarshen falo, dattijo siriri, tef ɗin awo rataye a wuya kamar an haife shi da shi. Shi kaɗai ne ba ya kuka. Ɗansa, direban motar haya, yana tsaye a kansa.

"Baba, sannu da haƙuri. Yaushe rabonka da ƙaninka?"

"Tun wancan makon."

"Kai ma ka tofa a kwalbar?"

"Ni? Allah ya sauwaƙe. Na ce masa, kai Ƙarami, mutum ya tsufa ya rasa abin yi sai aika yawunsa ƙasar waje? Wanda ya san uwarsa ya san asalinsa."

"Kai fa?" Sufeto ya juya ga direban.

"Ban san ma yadda kwalbar take ba," in ji shi da sauri.

Sufeto ya rufe littafinsa. Mutum uku, ƙarya aƙalla biyu. A ganinsa wannan ba laifi ba ne ga iyali, ya ga waɗanda suka fi haka.

Da yamma likitan ɗakin ajiye gawa ya kira shi. Ɗakin sanyi ƙalau, injin yana gurnani, ƙudaje ma sun san ba wurin zuwansu ba ne.

"Buguwar ƙeya ce," in ji likita. "Ko ture shi aka yi, ko faɗuwa. Amma ba don wannan na kira ka ba. Rigarsa ta ƙi fita, sai da na sa almakashi."

Ya shimfiɗa rigar a kan tebur. Maɓalli na biyu daga wuya yana manne da singiletin da ke ciki. Allurar ta ratsa riga ta ratsa singileti, ta haɗe su wuri guda.

Sufeto ya kai hannu kan ƙirjinsa ba tare da ya sani ba. Tasa rigar ta cikin kaki ta yi watanni ba maɓalli a daidai wurin, kuma duk ofis ba wanda ya lura. Mai lura ta tafi.

"Ba a ɗinka maɓalli haka sai rigar tana jikin mutum," ya ce.

"Kuma mutumin ba ya motsi," in ji likita. "Dubi nan. Allurar ta soki fata sau biyu, ba ɗigon jini. Ya riga ya mutu."

Saje ya yi salati a hankali.

Sufeto ya ɗauki madubin ƙara girma. Ɗinkin tsaf, an naɗe wuyan maɓallin an ƙulle, aikin hannun da ya saba. Bakin zaren kuwa ba yankan almakashi ba ne. A tattaune yake. Da haƙori aka tsinke shi.

"Sa min shi a leda," ya ce.

Washegari ya tare direban a tasha, ya shiga gaban motar ya zauna, ya rufe ƙofa.

"Ina za a kai ka, yallaɓai?"

"Inda gaskiya take. Akwai yawu a jikin rigar mamacin. Zan sa a gwada na kowa a gidanku. Da kai zan fara."

Gumi ya keto wa direban. "Na tofa," ya ce. "Baffa Malam ne ya roƙe ni. Ya ce tunda Baba ya ƙi, nawa ma ya isa, ai jinin ɗaya ne. Don Allah kada Baba ya ji, zai tsine min."

"Sakamakon fa?"

"Auta ce ke da shi a waya. Ni ba su gaya min komai ba."

A asibitin da take aiki Sufeto ya same ta. Wannan karon babu tukunyar kallo.

"Ya zo tun watan jiya," ta ce. "Baba da Baffa ba su haɗa jini ba. Ko kaɗan. Mai kiran wayar kuwa gwajin ne ya haɗa su, wai ɗan 'yar'uwar mahaifiyar Baba ta ainihi ne. Baba ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba sai ya yi magana da Baffa da kansa."

"Mutumin yana ina?"

"Wata ƙasa. A keken guragu yake, Baba ya ce."

"To ki daina tsoronsa. Zo mu je."

Ta dube shi, ta fahimci inda za su, sai ta dafa bango. Tsoron baƙo da sauƙi, ana kulle masa ƙofa.

Shagon tela yana ƙasan wani tsohon bene. Keken ɗinki ɗaya, dutsen guga, guntayen yadi a kwando. Baffa yana zaune da allura a hannu, ba ya ɗinka komai. Sufeto ya bar Auta a bakin ƙofa, ya shiga tare da Saje, ya ja kujera.

"Baba, maɓallina ya faɗi. Za ka taimaka?"

Tsohon ya dubi rigar da ido irin na masu sana'a. "Tun yaushe? Zaren ma ya zube. Ba ka da mata ne?"

"Na yi."

"Allah ya jiƙanta. Matso."

Ya lashi zare ya zura a allura ba tare da tabarau ba. Ya ɗinka, ya naɗe wuyan maɓallin, ya ƙulle. Sannan ya sunkuyo da kai kan ƙirjin Sufeto, ya kama zaren da haƙori.

A nan ya tsaya. Sufeto yana jin numfashinsa a jikin rigar.

"Tsinke shi, Baba," ya ce a hankali. "Haka ka yi wa ƙaninka."

Zaren ya tsinke. Tsohon ya koma ya zauna. Sufeto ya ajiye ledar a kan keken ɗinki.

"Yawunka na jiki. In kai a gwada, ko za ka hutar da gwamnati?"

Tsohon ya dubi ledar.

"Ba zan bar shi ƙirji a buɗe ba," in ji Baffa. "Tun yana rarrafe ni nake masa ɗinki. Mutane za su shigo su gan shi haka?"

"Me ya kai ka?"

"Shi ya kira ni. Ya ce in zo akwai magana. Da na shiga sai ya ɗaga ambulan yana dariya, ya ce, Yaya, tunda ka ƙi tofawa, na tsince guntayen zaren da kake ciza, gobe zan aika. Na ce ba ni. Ya ɓoye a baya kamar yaro. Na kama wuyan rigarsa, ya fizge, maɓalli ya yi tsalle, shi kuma ya tafi da baya. Yana dariya fa ya faɗi. Na yi ta kiransa. Daga baya na yage ambulan ɗin, takardar kuɗin wutar lantarki ce a ciki. Na yage sauran duka. Babu zare ko ɗaya."

"Me kake tsoro a cikin zare?"

Baffa ya dubi hannuwansa.

"Ranar da muka gudo, Inna ta yi gaba da kaya, ta ba ni ƙanina in goya. Ina yaro, ƙafata duk ƙaya. Muka zo kogi, mutane na turereniya, ana harbi a baya. Na shiga ruwa da shi. Da na fito ɗaya gaɓar, zanen goyon ne kawai a bayana."

Auta ta toshe bakinta.

"Na zauna ina tsoron abin da zan ce wa Inna. Sai ga wani yaro kamarsa a gindin bishiya, yana jan hannun wata mata da ta riga ta mutu. Na ɗauke shi na goya. Da na sami Inna, ta dube shi, ta dube ni. Ta daɗe tana dubana. Sannan ta karɓe shi ta ba shi nono. Har ta koma ga Allah ba ta tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba. Na yar da ɗaya a ruwa, yallaɓai. In wannan ya ji, zai tafi neman nasa. Wa zai sake ce min Yaya?"

Saje ya ciro ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai. Tsohon ya cire tef ɗin awo daga wuyansa, ya naɗe shi, ya rufe keken da ƙyalle kamar kullum, ya miƙe.

A bakin ƙofa ya yi karo da Auta. Ya sunkuyar da kai zai wuce.

"Baffa," ta ce. "Ya sani."

Ya tsaya cak.

"Tun watan jiya ya sani. Mutumin ya ce ya zo ya ga danginsa, Baba ya ce masa yana da dangi. Ya ce kwalba ba ta san wanda ya goya shi ba."

Saje ya kama hannun tsohon, ya raka shi har mota.

"Maganar da ya kira shi a kai fa?" Sufeto ya tambaye ta. "Ya gaya miki?"

Ta gyaɗa kai. Kwana da kwanaki Malam yana maimaita ta a gaban madubi, in ji ta, yana cewa kunya yake ji, sai ya ɗan tsokani tsohon tukuna kafin ya iya faɗa. Mutum ya karantar da tarihi rayuwarsa duka, ya ɗauka lokaci yana jira.

Mota ta tashi da Baffa a baya, fuskarsa a cikin tafukansa. Auta ta bi ta da kallo, sannan ta faɗi maganar a hankali, yadda babanta ya shirya ta.

"Yaya, na gode da ka ɗauke ni."