Alwala Uku Kafin La'asar

Sakina na durƙushe a bakin rariya tana wanke wandon atisayenta, hawaye na ɗiga cikin kumfa, sai ga surukarta Inna Tani tsaye a kanta. Labari ya riga ta isowa gida. Sakina ce malamar wasanni a wata makarantar 'yan mata a Kankia, wata huɗu da haihuwarta, kuma da safen nan tana nuna wa ɗalibai tsallen igiya fitsari ya kuɓuce mata a gabansu.

Inna, wadda ta zo daga ƙauyen Ƙofa don wankan jego ba ta koma ba, a tsaye ta yanke hukunci: guje-gujen nan ne suka ɓalle wa yarinya mara. Tun daga zaure ta tare ɗanta Amiru, ta ce ko matarsa ta ajiye aikin, ko ita ta tattara ta koma ƙauye, ƙafarta ba za ta sake taka gidan ba. Da ƙyar ya roƙi arzikin wata uku, zuwa ranar gasar makaranta.

A ɗaki ya riƙo hannun Sakina. "Malama, a filin gudu na fara ganinki, ba ni zan raba ki da shi ba. Amma uwa ce — ki taimake ni."

Shi ya saka mata data, ita ta yi ta lalube a intanet har ta faɗa ajin wata likitar gashin ƙashi da motsa jiki, Dakta Kubura, mai koyar da mata ta bidiyo. A nan ta ji cewa akwai tsoka a ƙasan mara da ke riƙe da mafitsara, haihuwa kan gajiyar da ita, kuma ana horar da ita kamar kowace tsoka. A matse kamar ana riƙe tusa, a ƙirga biyar, a sassauta, sau goma, sau uku a yini. Tsalle kuwa sai a hankali. Wadda nata ke zuba ba tsayawa, asibiti za ta nufa.

"Yau kuma waya ta zama ungozoma?" in ji Inna, tana taɓe baki.

Sati uku ba wani canji, Sakina ta sha kuka. A na bakwai ta yi atishawa mai ƙarfi, ta tsaya cak — shiru, ba ko ɗigo.

A kwanakin ne ta lura da wani abu. Inna za ta yi alwala, ta yi tari, ta koma ta ɗauki buta. Ranar nan sai da ta yi sau uku kafin ta samu ta tayar da La'asar. Matar da aka ce da ƙuruciya tun daga garin Yashe take ɗauko damin dawa a ka! Nan Sakina ta gane larurarsu ɗaya ce. To amma da wane baki za ta yi wa suruka wannan magana?

Sai ta koma yin darasin a tsakar gida. In Inna na tsintar wake, ta ƙara wa waya murya, ta ɗora jaririyarta a cinya tana yi mata bayani dalla-dalla, har da ƙirge, ba ta ko kallon inda tsohuwar take. Kwana biyu ta ga carbin Inna na tafiya daidai da ƙirgenta.

Bayan wata guda Inna ta kira ta, idonta a ƙasa.

"Ɗiyar nan, mi likitar taku ta ce game da tsofaffi?"

"Ta ce tsokar ba ta san shekaru ba, Inna."

Tsohuwa ta fashe da kuka. Shekara ashirin da biyu ke nan, tun haihuwar autanta, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ta ce tsoron kada Sakina ta ƙare kamarta ne ya sa ta tsananta.

Ranar gasa Sakina ta shiga tseren malamai ta zo ta ɗaya, ɗalibai suka ɗauki fili da sowa. A gida Inna ta ce wa Amiru gobe za ta Ƙofa. Ya zube a gabanta zai fara magiya, ta ɗaga mishi hannu.

"Kai tashi. Mata zan je in tara, sun fi ashirin masu irin lalurar nan. Duk Asabar ka kawo mani Malama da wayarta. Aikinta kuwa, wanda ya ce ta bari, ni da shi."

Haka haƙurin Sakina ya tsare mata aikinta da aurenta, ya ƙara mata uwa. 'Yan'uwa mata, larurar jiki ba abin kunya ba ce. A nemi ilimi, a kuma san yadda za a isar da shi ga manya cikin ladabi.