Yayen Muzammil

"Maimaita abin da ka ce!"

Mujitaba ya ajiye cokali, ya saci kallon ƙofa kamar mai neman hanyar gudu.

"Cewa na yi Inna ta ce idan an tashi yaye Muzammil, ita za ta ɗauke shi. Can Dangora zai zauna a wurinta..."

"Zuwa yaushe?"

"Ba ta ce zuwa yaushe ba, masoyiyata. Ta dai ce... ya zauna."

Sumayya ta juya. Ta dubi yaron. Yana zaune a kan tabarma, ya tsoma hannu har gwiwa cikin miyar ubansa, ba ruwansa da duniya.

"Kai kuma sai ka ce me?"

"Na ce to."

"To!"

"Uwata ce fa, Sumayya. Ke ki gaya mata ba kya so mana."

"Ni? Ɗan fari ne fa! Ko sunansa ka taɓa jin na kira? In buɗe bakin nan nawa a gaban surukata in ce ina son ɗana? Ai kafin la'asar an gama da ni daga Tudun Wada har Kiru, a ce ga marar kunya!"

Gaskiyarta ce. Tun da ta haife shi "yaron nan" take cewa. Idan da manya a wuri, ko kuka yake sai ta kau da kai. Sai sun keɓe take shinshinar wuyansa har ya yi ƙyaƙyata.

"Wane dalili ta bayar?" ta tambaya.

Mujitaba ya sosa ƙeya. "Ta ce wai aiki ya yi miki yawa. Ga goyo, ga waya, ga littattafai."

Shi ke nan, ta gano bakin zaren. Zaurenta ne na WhatsApp ya jawo mata. Duk ranar Alhamis Sumayya takan tura saƙon murya ta ba da shawarar littafi guda, galibi irin na aljanu da garuruwan da babu su a duniya, amma masu matse zuciya. Mata daga Bebeji har Doguwa suna jira, su ne ma suka raɗa masa suna Zauren Hawaye. Wato ke nan a idon Inna ita uwar banza ce, mai riƙe littafi ta saki ɗa.

Ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙe.

"Na dakatar da zauren. Yau ɗin nan."

"Haba zumata! Zauren da kika fi so fiye da ni?"

"Kar ka ja ni da wasa. Idan Inna ta ji na ajiye waya na rungumi reno, wace hujja ta rage mata? Riƙe shi, in yi musu sallama. Kuma kar in ji tarinka."

Mujitaba ya ɗauki yaron da miyarsa da komai. Ita kuma ta gyara zama, ta danna wajen ɗaukar murya a wayarta.

"Assalamu alaikum 'yan uwana. Don Allah ku yi haƙuri, zan ɗan dakatar da zaure saboda wani uzuri na gida. Amma ba zan bar ku hannu rabbana ba. Ku nemi Matar Hadari, labarin wadda ta auri hadari, ba ya zuwa gida sai da damina, duk rani tana zaman jira ba saki ba mutuwa..."

"Ya huta da cefane," in ji Mujitaba ƙasa-ƙasa.

Ta harare shi, ta ci gaba.

"Sai Kasuwar Inuwa. Wani miji ne ya musanya duk tunanin matarsa da ke kansa don ta warke. Ta tashi garau, shi kuma bai san ta ba, ita ta koma tana zuwa masa zance. Ku tanadi tsumma, hankici ba zai isa ba. Na ƙarshe kuma, Uwar Kogi. Mace ce 'yar ruwa, dangin mijinta suka ɗauke mata ɗa suka kai tudu. An yi mata sharaɗi, ranar da ta kira sunansa zai zama dutse. Sai duk damina ta cika ta tumbatsa, ta zo har bakin ƙofar gidan da yake, ta taɓa dokin ƙofar, ta koma... Mutane suna cewa ambaliya ce, alhali uwa ce ta zo ganin..."

Muryarta ta karye. A bayanta kuma aka ja hanci da ƙarfi, fuuut!

Ta ɗage yatsa daga kan wayar, saƙon ya tafi da komai.

"Kuka kake?"

"Wa? Ni? Maganin feshin da na wuni ina aunawa a shago ne ya shige min ido."

"Ya shiga saƙon fa. Duk sun ji ka."

"Innalillahi! Matan abokaina suna ciki, Sumayya!"

Duk da halin da take ciki sai da ta yi dariya. Ya matso ya dafa kafaɗarta. "Ki kwantar da hankali, abar ƙaunata. Dabararki za ta yi aiki."

Washegari da safe, tana shanya, ta ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Kafin ta juya Inna Tani ta faɗo tsakar gida, mayafi a kafaɗa, ɗankwali ya karkace.

Sumayya ta zube. "Sannu da zuwa Inna. Ina kwana? An zo lafiya?"

"Da lafiya za ki gan ni da sassafe kamar mai bikon amarya? Ke 'yar nan, wa ya ce ki rufe zaure?"

Sumayya ta ɗago a hankali. "Na'am, Inna?"

"Zauren Hawaye! Jiya Fa'iza ta kunna min, na ji kina sallama. Ko abincin dare ban iya ci ba!"

Fa'iza ƙanwar Mujitaba ce, tana cikin zauren tun farko. Amma ko a mafarki Sumayya ba ta taɓa kawo Inna a lissafi ba.

"Inna... kina saurare?"

"Ina saurare? Duk littafin da kika ambata sai na sa ta nemo ta karanta min, ni da maƙwabta muna ɓarar gyaɗa muna kuka. Kwanan nan na ga kina makara, Alhamis ta koma Asabar, na ce wannan angon nawa ne ya hana ki sakat. Shi ya sa na ce a ba ni shi, ki samu sarari ki yi ta karatu. Sai kuma ki rufe gaba ɗaya?"

Mujitaba, wanda ya fito da buta a hannu, ya daskare. Sumayya ta dube shi, ya dubi sama.

"To tunda abin ya kai haka," in ji Inna tana warware zani daga jakarta, "ba sai an jira ba. Yau zan tafi da shi, yayen ya fara daga yau. Ke kuma ranar Alhamis mu ji muryarki. Ina angon nawa? Zo nan, mijin da ba ya cefane!"

Muzammil ya taho da gudunsa na agwagwa, yana dariya. Kafin ka ce me, Inna ta saɓa shi a baya ta ɗaure tam.

"Inna, da dai an ɗan..." Mujitaba ya fara.

"Kai wancan, rufe min baki! Ba kai ne na ji kana jan hanci a bayan mace ba? Har Dangora an gane ka."

Ya rufe.

Sumayya tana durƙushe, tana kallon 'yan ƙafafun suna lilo a ƙugun Inna. Ba a ɗauki ƙaramin bargonsa ba. Inna ba ta san ba ya shan kunu sai an huce shi an saka tsamiya kaɗan ba, ba ta san yana tsoron zakara ba, gidan Dangora kuwa zakaru kamar su ne masu gidan. Inna ta kama hanyar soro.

Sumayya ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Sai ganinta ta yi ta riga su bakin ƙofa, ta ware hannuwa ta tare.

"'Yar nan, lafiya?"

"Inna ki yafe min..." Hawaye suka ɓalle. "Ki zage ni, ki gaya wa duk garin ba ni da kunya, na yarda. Amma ba zan iya ba. Muzammil ɗana ne! Ina son shi, Inna! Idan kika tafi da Muzammil, wallahi ko harafi ɗaya ba zan iya gani ba!"

Butar hannun Mujitaba ta faɗi. Ruwa ya malale, ba wanda ya kula.

Inna ta riƙe haɓa. "La'ilaha illallahu! Sunan ɗan fari, gatsau, har sau biyu!"

Sumayya ta sunkuyar da kai, amma ba ta sauke hannuwan ba.

Sai Inna ta ja da baya ta zauna a kan turmin da aka kife, da goyon a bayanta. Da ta sake magana, muryar ba irin ta ɗazu ba ce.

"Wancan tsayayyen," ta nuna Mujitaba da baki, "shi ma ɗan farina ne, ranar da aka yaye shi kakarsa ta tafi da shi Falgore. Ina tsaye ina daka, ko ɗagowa ban yi ba, aka yi ta yabona wai na cika mai kunya. Bai dawo hannuna ba sai da ya isa shiga makaranta. Gero na daka a ranar har ya zama gari, ban sani ba." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ni na ɗauka taimakonki zan yi. Ashe ni ce mutanen tudu."

Ta kwance zanin, ta sauko da yaron, ta miƙa shi. "Ungo abinki, marar kunya. Allah ya raya."

Sumayya ta rungume shi a gaban kowa, ta shinshini wuyansa, ya ƙyaƙyace.

"Zauren kuma ki huta, na yarda, har ki gama yayenki a tsanake. Amma fa ba zan koma Dangora da wannan abu a maƙogwaro ba. Ita 'yar ruwan, ta samu ɗan nata?"

"Inna, ai ba na faɗar ƙarshen labari..."

"To ɗauko ki karanta min. Kai, kawo tabarma!"

Mujitaba ya kawo tabarma ya shimfiɗa, amma bai tafi ba. Ya durƙusa a gaban uwarsa, idanunsa jajur, yana murmushi.

"Inna, tunda yau an buɗe hanya... ni ma ki kira nawa sunan mana. Sau ɗaya tak."

Inna ta dube shi tsawon lokaci. Leɓenta ya motsa.

Sai Inna ta cire takalmi.

"Tashi ka ba ni wuri, ƙaton banza! Ita ta zubar da tata kunyar, ni ma so kake in zubar da tawa?"

Ya zabura yana dariya, takalmin ya same shi a gadon baya. Amma da ya dawo da shi ya ajiye a gabanta, sai ta kamo hannunsa ta zaunar da shi a gefenta, ba ta kuma saki ba har Sumayya ta buɗe shafin farko.